Jimillar ƙwayoyin allon shaɗaranji: wace irin lamba ce 18,446,744,073,709,551,615?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni malamin makarantar Islamiyya ne a Aboabo, nan Kumasi. Tun muna yara muke jin labarin mutumin da ya ƙirƙiro wasan shaɗaranji (chess), sarki ya ce ya faɗi ladansa, sai ya roƙi a sa masa ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko na allon, biyu a na biyu, huɗu a na uku, a yi ta ninkawa har gida na 64. Ɗana da ke aji biyu a babbar sakandare ya rubuto mini jimillar, wai 18,446,744,073,709,551,615. Wani abokinsa ya ce masa lambar firam ce, babu abin da ke raba ta, domin manyan firam duk irin siffarta gare su. Na buga a kalkuletar wayata, ta fito mini da wani abu mai harafin E. Shin lambar daidai ce? Wace irin lamba ce a wurin masana lissafi? Kuma ta yaya ake gane halin lamba mai tsawo haka?"

Wa alaikumus salam, Allah ya gafarta Malam. Lambar da yaronka ya rubuto daidai take, babu alƙalami ɗaya da ya kuskure. Abokinsa kuwa ya faɗi rabin gaskiya, amma hukuncinsa bai tsaya ba: lambar ba firam ba ce, lambobin firam bakwai ne suka haɗu suka haife ta. Tambayarka ta uku ita ce mai nauyi, kuma a kanta zan fi daɗewa, domin ita ce ke amfanar ɗalibi ko da an canja masa lamba gobe.

Daga ina jimillar ta fito

Labarin kansa hikaya ce, ba tarihin da aka tabbatar ba. Malamanmu sun same shi ta hanyar littattafan Larabci, kuma Ibn Khallikan, alƙalin nan marubucin tarihin manyan mutane da ya rasu a 1282, yana cikin waɗanda suka rubuta shi. Tun kafin shi, wajen shekara ta 1000, al-Biruni ya riga ya lissafa wannan jimillar, ba shi da wani inji.

Dabarar ba ta buƙatar a tara gidaje 64 ɗaya bayan ɗaya. Duba farkon allon. Gida biyu sun ba da 1 da 2, wato 3, saura ɗaya ya cika 4. Gida uku sun ba da 7, saura ɗaya ya cika 8. Gida huɗu 15, saura ɗaya ya cika 16. Kullum jimillar abin da aka zuba tana gaza abin da za a zuba a gida na gaba da ƙwaya ɗaya tak. Saboda haka jimillar gida 64 ita ce 2 a ninka da kanta sau 64, a ɗebe 1. Muna rubuta ta 2^64 − 1. Ka riƙe wannan siffa, domin duk abin da zan faɗa daga ita yake fitowa.

Game da girmanta, mu a Ghana miliyan ba ta ba mu tsoro. Tun da aka sauya kuɗi a 2007, aka mai da tsohon sidi 10,000 ya zama sabon sidi ɗaya, har yau dattawa a kasuwar Kejetia suna kiran sidi 100 miliyan ɗaya. To wannan lamba biliyan 18 ce da ɗoriya, a ninka da wata biliyan. Da mutum zai ƙirga ƙwaya ɗaya kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai ya yi shekara wajen biliyan 584. In muka mai da ita shinkafa, muka ƙaddara ƙwaya 40 ke yin giram ɗaya, za ta kai tan biliyan 461, wato buhu mai kilo 50 fiye da tiriliyan 9. Duniya gaba ɗaya tana samar da gyararriyar shinkafa tan miliyan 500 da wani abu a shekara, ka ga sai an tara noman fiye da shekara 800.

Harafin E da ka gani ba lalacewar waya ba ce. Kalkuleta ba ta da wurin alƙaluma 20, sai ta rubuta kamar 1.8446744E19, ma'ana a matsar da ɗigon gaba sau 19. Ta faɗa maka girman lambar, ta zubar da wutsiyarta. Haka Excel na kwamfuta ma yake yi, alƙaluma 15 kawai yake riƙewa, sauran ya cika da sifili. Ga mai auna girma wannan ya isa. Ga mai tambayar me ke raba lamba kuwa, wutsiyar nan da aka zubar ita ce rabin aikin, don haka nake hana ɗalibaina dogara da kalkuleta a irin wannan tambaya.

Abin da ido ke gani kafin a ɗauki biro

Lambar firam ita ce wadda ta wuce 1 kuma babu mai raba ta ba tare da saura ba sai 1 da ita kanta, kamar 2, 3, 5, 7, 11, 13. Wadda wata lamba ke rabawa kuwa haɗaɗɗiya ce. Tamu ta ƙare da 5, kuma duk lambar da ta ƙare da 5 ko 0, biyar na raba ta. Nan take maganar firam ta faɗi, ɗan firamare ma zai iya yanke wannan hukunci. Wutiri ce, ba shafa'i ba, don haka 2 ba ta raba ta. In ka tara alƙalumanta guda 20 za ka sami 87. Uku na raba 87, tara ba ta raba shi, saboda haka 3 na raba lambar, 9 ba ta raba ta. Ba kuma murabba'i ba ce, wato ba wata lamba aka ninka da kanta aka same ta ba, domin murabba'in da ya ƙare da 5 dole ya ƙare da 25, tamu kuwa 15 ce a ƙarshenta.

Iyakar abin da kallon alƙaluma ke bayarwa ke nan. Mun sami 3 da 5, saura biyar a ɓoye. Wanda ya ce zai bi firam ɗaya bayan ɗaya yana gwadawa zai ci karo da 17 da wuri, ya wahala kafin 257, ya ƙara wahala kafin 641, sannan sai ya wuce firam fiye da 6,400 kafin ya iso ta gaba. Da hannu wannan aikin watanni ne, kuma kuskure ɗaya ya rushe shi.

Yadda siffar lambar ke buɗe ta

A zango in baƙon yaro ya zo, ba tsawonsa ake fara aunawa ba, cewa ake ɗan gidan wa ne. Haka babbar lamba take, asalinta ake tambaya. Yaronka ya san ƙa'idar nan ta aji ɗaya: in ka ɗebe murabba'i daga murabba'i, a² − b², daidai yake da (a − b) sau (a + b). To 2^64 murabba'in 2^32 ne, 1 kuma murabba'in kanta ce. Saboda haka lambarmu ta tsage biyu: (2^32 − 1) sau (2^32 + 1), wato 4,294,967,295 sau 4,294,967,297.

Ɓangaren farko shi ma irin siffar gare shi, sai ya sake tsagewa: (2^16 − 1) sau (2^16 + 1), wato 65,535 sau 65,537. Sai 65,535 ta zama 255 sau 257. Sai 255 ta zama 15 sau 17. Sai 15 ta zama 3 sau 5. A layi biyar na rubutu mun fitar da 3, 5, 17, 257 da 65,537, kuma dukansu firam ne. Ina son wannan darasi ƙwarai, domin a nan ne ɗalibi ke ganin ƙa'idar da ya haddace don jarrabawar WASSCE ta yi aikin da kalkuletarsa ta kasa. Na lura cewa yaran da suka taɓa yin wannan tsagawar da hannunsu ba sa sake manta ƙa'idar.

Saura ɓangare ɗaya, 4,294,967,297, kuma shi ne mai tarihi. Lambobin nan 3, 5, 17, 257, 65,537 duk siffa ɗaya gare su: 2^1 + 1, 2^2 + 1, 2^4 + 1, 2^8 + 1, 2^16 + 1. Wani lauya Bafaranshe mai suna Pierre de Fermat, wanda lissafi ya zame masa abin sha'awa, ya ga biyar ɗin farko firam ne, sai a 1640 ya bayyana zatonsa cewa duk 'yan wannan jeri firam ne, har da na shida, 2^32 + 1. Ya yarda bai iya kawo hujja ba. Zaton ya zauna shekara 92, sai a 1732 Leonhard Euler ya nuna cewa 4,294,967,297 daidai take da 641 sau 6,700,417. A wannan shekarar ce kuma malamin nan na ƙasar Hausa, Muhammad ibn Muhammad al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutunsa kan yadda ake jera lambobi a gidajen hatimi ta yadda kowane layi zai ba da jimilla ɗaya. Nakan faɗa wa ɗalibai wannan don su san ilimin lambobi ba baƙo ba ne a gidajenmu.

Ta yaya ake kai wa ga 641 ba tare da lalube ba? Euler ya tabbatar da cewa duk firam ɗin da za ta raba 2^32 + 1 dole ta zama ninkin 64 da ƙarin ɗaya. Wannan ya share kusan dukkan 'yan takara. Firam masu wannan siffa su ne 193, 257, 449, 577, sai 641. Gwaji biyar ke nan maimakon fiye da ɗari.

Akwai kuma hujjar da yaronka zai iya bi a rabin shafi, ba tare da doguwar rabawa ba. Lambar 641 tana da fuska biyu. Ita ce 5 sau 128 da ƙarin 1, kuma ita ce 625 da 16, wato 5^4 da 2^4. A yi lissafi da saura kawai, wato duk inda 641 ta cika a zubar da ita. Fuskar farko ta ce 5 sau 2^7 daidai yake da −1. A ninka wannan da kansa sau huɗu, sai 5^4 sau 2^28 ya zama 1. Fuska ta biyu ta ce 5^4 daidai yake da −2^4. A sa wannan a madadinsa, sai −2^32 ya zama 1, ma'ana 2^32 + 1 ba ta bar saura ba. Shi ke nan. Ita kuma 6,700,417 firam ce, kuma tabbatar da hakan bai wuce a gwada firam masu siffar ninkin 64 da ɗaya har zuwa 2,588 ba, domin 2,589 sau kanta ta riga ta wuce lambar.

Ga cikakken asalinta ke nan: 3 × 5 × 17 × 257 × 641 × 65,537 × 6,700,417.

Rukunonin da ta shiga

Da zarar an sami wannan layi, sauran hukunce-hukunce zubowa suke yi. Firam bakwai ne, babu wadda ta maimaitu, don haka babu murabba'in da ke raba ta in ban da 1. Masu raba ta gaba ɗaya 128 ne, domin wajen gina kowane mai rabawa, kowace firam cikin bakwai ɗin ko a ɗauke ta ko a bar ta, zaɓi biyu sau bakwai, 2^7. Lamba mai alƙaluma 20 da masu rabawa 128 kacal, wannan kaɗan ne. Lambar 83,160, mai alƙaluma biyar, ita ma 128 gare ta.

Akwai wani tsohon rabo da Girkawa suka yi, wanda Sabit ibn Ƙurra ya fassara zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9. A tara masu raba lamba ban da ita kanta. In jimillar ta yi daidai da ita, cikakkiya ce, kamar 6 da 28. In ta wuce, mai rara ce, kamar 12. In ta gaza, mai giɓi ce. Tamu mai giɓi ce: masu raba ta 127 in an tara ba su wuce kashi 70 da ɗan kaɗan cikin 100 nata ba. Ba sai an tara su ba, ana samun wannan ta ninka 4/3 da 6/5 da 18/17 har zuwa ta bakwai, abin ya ba da wajen 1.703, sai a ɗebe 1 na ita kanta.

Wani halinta da nake jin daɗinsa shi ne taurin kanta wajen murabba'ai. Lagrange ya tabbatar a 1770 cewa kowace lamba ana iya rubuta ta a matsayin jimillar murabba'ai huɗu ko ƙasa da haka. Yawancin lambobi uku sun ishe su. Tamu sai huɗu cur. Dalili: in ka raba ta da 8 saura 7 ne, murabba'i kuwa in an raba shi da 8 ba ya barin saura sai 0 ko 1 ko 4, kuma babu yadda za ka haɗa uku daga cikin waɗannan su ba ka saura 7. Gwada ka gani.

A wurin masu kwamfuta kuma sananniya ce. Inji da sifili da ɗaya yake ƙirga, kuma a rubutunsa lambarmu ɗaya ce sau 64 a jere. Ita ce mafi girman lambar da gurbi 64 zai ɗauka in ba a ware wa alamar ragi wuri ba, in aka ƙara mata ɗaya sai ma'aunin ya koma sifili.

Inda abokin yaronka ya yi gaskiya

Lambobi masu siffar 2^n − 1 ana kiransu lambobin Mersenne, da sunan wani limamin kirista Bafaranshe da ya yi zamani da Fermat. Gaskiya ne cewa mafi girman firam da aka sani irinsu ne. Wadda aka gano a watan Oktoba na 2024 ita ce 2^136,279,841 − 1, mai alƙaluma 41,024,320. Amma don manyan firam da aka gano suna da wannan siffa, ba ya nufin duk mai siffar firam ce. An fi samunsu a nan ne saboda akwai gwaji mai sauri na musamman ga wannan iyali, gwajin Lucas da Lehmer, sai masu nema suka tattara ƙarfinsu a kansa.

Sharaɗin farko shi ne n ɗin kanta ta zama firam. In wata lamba a tana raba n, to 2^a − 1 tana raba 2^n − 1. Kwatancinsa a ƙirgarmu ta yau da kullum: 111111, ɗaya shida a jere, ana iya yanka ta biyu-biyu ko uku-uku, shi ya sa 11 da 111 ke raba ta. Ɗaya 64 a jere kuwa ana yanka su biyu-biyu, huɗu-huɗu, takwas-takwas, har 32. Tun daga ganin 64 an san lambar za ta rabu. Kuma ko n ta zama firam ba a tsira ba: 2^11 − 1 ita ce 2,047, wato 23 sau 89. Da allon gida 61 gare shi, da abokin ya ci gardama, domin 2^61 − 1 firam ce, an tabbatar tun 1883. In kuwa firam mafi kusa da lambarmu ta ƙasa yake so, sai ya ɗebe mata 58, ya sami 18,446,744,073,709,551,557.

Biyar ɗin nan na Fermat suna da wani aiki a zane. A 1796 Gauss, yana ɗan shekara 18, ya nuna ana iya zana siffa mai gefe 17 daidai wa daida da rula da kamfas kaɗai, irin na cikin akwatin lissafin 'yan makaranta. Ƙa'idar da ta fito daga nan, wadda Wantzel ya kammala a 1837, ta ce siffa mai gefe wutiri tana zanuwa haka ne kawai in adadin gefen ninkin firam ɗin Fermat ne mabambanta. Don haka ɓangaren lambarmu na farko, 4,294,967,295, shi ne adadin gefe wutiri mafi girma da aka san yana zanuwa. Lambarmu cikakkiya ba ta zanuwa, 641 ta hana.

Iyakar wannan hanya

Kada yaronka ya ɗauka kowace babbar lamba haka take buɗewa. Tamu ta yi sauƙi ne don mun san yadda aka gina ta, kuma ginin ya dace da ƙa'idar da muke da ita. Maƙwabciyarta da ta fi ta da biyu kacal, 2^64 + 1, ba ta tsagewa ta wannan hanya, sai a ƙarni na 19 aka gano ita ce 274,177 sau 67,280,421,310,721. A yau kwamfuta na warware lamba mai alƙaluma 20 kafin ƙiftawar ido. Amma in aka ninka manyan firam biyu aka sami lamba mai alƙaluma 617, aka ɓoye asalinta, babu hanyar da aka sani ta warware ta a cikin lokacin da zai yi amfani. A kan wannan wahala aka gina tsarin RSA, ɗaya daga cikin makullan da ke tsare saƙonni da hada-hadar kuɗi a intanet. Lamba irin wannan mai alƙaluma 250 sai a 2020 aka warware ta, da taron kwamfutoci masu yawa.

Akwai kuma tambayoyin da har yau masana ba su rufe ba. Bayan 65,537 ba a sake samun firam ko ɗaya a jerin Fermat ba, kuma babu wanda ya tabbatar da cewa babu wata. Haka nan ba a tabbatar ko firam ɗin Mersenne suna da iyaka ko ba su da ita ba.

Shawarata ga yaron ita ce ya ɗauki allon daran da ake bugawa a bakin titi a Aboabo da Asawase, mai gida goma sau goma. Jimillarsa 2^100 − 1 ce, alƙaluma 31. Kada ya fara da rubuta ta. Ya fara da jera masu raba 100, wato 2, 4, 5, 10, 20, 25, 50, ya fitar da 2^a − 1 na kowanne, ya warware ƙananan da hannu. Daga 2^10 − 1, wato 1,023, zai sami 3 da 11 da 31. Daga 2^20 − 1 zai ga 41 ta fito, ya kuma ga 5 ta maimaitu, abin da bai faru a lambar shaɗaranji ba. Sai ya bincika sau nawa 5 ke shiga cikin babbar lambar. In ya samu, ya turo mini amsar tare da hanyar da ya bi, in duba masa.